Mai Tsaron Dajin Sarki: Ko Ya Dace Mai Bi Ya Yi wa Daji Aikin Sa Kai?

Gabatarwa

Garin Gwada yana kan hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Kuta da madatsar ruwa ta Shiroro, cikin ƙasar Gbagyi. An san shi da kasuwar doya da tashar jirgin ƙasa. A arewacinsa, hayin Kogin Kaduna, akwai gandun namun daji na Allawa, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro kamar yadda Gwada take. A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaukaka gandaye 10 su zama manyan gandayen ƙasa, Allawa kuwa tana cikinsu, tare da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina da Pandam ta Filato.

Sai dai labarin da ya biyo baya ba na namun daji ba ne. A watan Afrilu na 2021 gwamnan Jihar Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya shaida wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a ƙauyen Kaure. A watan Afrilu na 2024 kuma sojoji suka janye daga garin Allawa bayan wani kwanton ɓauna da aka yi musu, jama'ar garin suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka nufi Erena da Kuta da Gwada. Azuzuwan makarantar firamare a Gwada sun zama makwancin iyalai da suka baro gonakinsu.

A irin wannan wuri, tambayar da ke kan wannan rubutu tana da nauyi. Ko ya dace Kirista ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa, ba tare da an biya shi ba, domin kiyaye itatuwa da tsuntsaye da namun daji, alhali maƙwabcinsa yana kwana da yunwa a kan tabarmar aro? Amsar da za a yi ƙoƙarin kafawa a nan ita ce, i, ya dace, gama dajin da aka bari ba mai kula ba ya zama haka kawai, kuma talaka ne yake fara biyan bashin wannan sakaci. Amma amsar tana da sharuɗɗa, za a kuwa zo kansu.

Wane irin aiki ake nufi?

Kalmar "sa kai" ta sha wahala a bakin mutanen Arewa. Yau in aka ce 'yan sa kai, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne samari riƙe da bindigogin harbi-ka-ruga suna gadin gari da dare. Asalin kalmar ya fi haka faɗi. Sa kai shi ne mutum ya miƙa kansa ga aiki ba da tilas ba, ba kuwa don lada ba. Ɗan'uwansa shi ne aikin gayya, wanda manoman wannan ƙasa suka gada kaka da kakanni: a taru a yi wa gwauruwa huɗar doya, a gyara hanyar rafi, a ɗora wa tsoho jinka.

Aikin sa kai a gandun daji ba shi da wani ado. Share hanyar wuta ne kewaye da daji kafin ciyawa ta bushe, domin gobara in ta taso ta tsaya a nan. Tara iri ne, da renon dashe a cikin ledoji, da ban ruwa a tsakiyar rani. Kwance tarkunan waya ne da aka ɗana wa gada da mazo. Ƙidayar tsuntsaye ce da rubuta abin da aka gani, da koya wa yaran makaranta sunayen itatuwa da amfaninsu.

Ana yin irin wannan aiki a Nijeriya. A Laminga, kusa da Jos, akwai dajin Amurum, mai faɗin kadada wajen 300, wanda jama'ar ƙauyen suka yarda a keɓe. A nan ne Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis take tun farkon shekarun 2000. Daga wannan cibiya aka fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, masu yin sa kuwa galibi 'yan sa kai ne, ɗalibai da malamai da ma'aikata, waɗanda suke fita da sassafe suna rubuta kowane tsuntsu da suka gani. Akwai kuma ƙungiyar Kirista mai suna A Rocha, wadda wani fasto ɗan Ingila, Peter Harris, da matarsa Miranda suka kafa a ƙasar Fotugal a 1983 domin kula da halitta cikin sunan Almasihu. A Jos ƙungiyar Eden Creation Care Initiative tana tafiya tare da ita. Saboda haka batun ba baƙo ba ne ga masu bi.

Ƙorafin da ya kamata a saurara

Masu shakkar wannan aiki ba marasa tunani ba ne, hujjojinsu kuma ba na wasa ba ne. Ana iya tara su kashi huɗu.

Na fari, sukan ce mutum ya fi dabba daraja. Wannan gaskiya ce, Ubangiji Yesu da kansa ya tabbatar da ita a Matiyu 12:12 da kuma 10:31. In ikkilisiya tana da buhun masara guda, ba wanda zai ce a kai wa birai a bar marayu.

Na biyu, sukan ce wannan aikin gwamnati ne. Akwai ma'aikatar gandun daji, akwai kasafin kuɗi, akwai masu karɓar albashi a kai. Don me talaka zai yi a banza abin da aka biya wani ya yi?

Na uku, sukan ce duniyar nan mai shuɗewa ce, suna kafa hujja da 2 Bitrus 3:10. In komai zai ƙone, ina amfanin dashen itace? Ai gara a maida hankali ga ceton rayuka.

Na huɗu ya fi sauran ɗaci, domin daga tarihi ya fito. Tun zamanin En'e, manomi da yawa bai san gandun daji da komai ba sai tara. An shata iyaka a kan ƙasar da kakanninsa suke farauta, malamin daji ya kama matarsa da damin itace, amma motar mai kuɗi ta wuce maƙare da katako ba wanda ya ɗaga mata hannu. Mutumin da ya ga haka, in aka ce ya zo ya yi wa gandu aiki kyauta, dole ya tambaya: domin amfanin wa?

Kowace daga cikin huɗun nan tana bukatar amsa, amsar kuwa tana farawa daga sanin mai dajin.

Na wane ne daji?

A idon mutane, gona tana da mai ita, daji kuwa na kowa ne. Abin da yake na kowa, a aikace, yakan zama ba na kowa ba. Mai gawayi yana sare kirya yana cewa in bai sare ba wani zai sare. Yaro yana cinna wa daji wuta domin gafiya guda. A shekarun 2010 'yan kasuwa suka bi dazuzzukan ƙasar nan suna sare madobiya ana lodinta zuwa ƙasar Sin, har ta yi wuyar gani a wurare da yawa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake jin ya yi sata, gama a ganinsa ba shi da wanda ya ɗaukar wa.

Littafi Mai Tsarki bai san wani yanki na duniya da ba shi da mai shi ba. Zabura 24:1 ta mayar da duniya da dukan abin da ke cikinta ga Ubangiji. Zabura 50:10-11 ta ambaci namomin jeji da tsuntsayen duwatsu musamman a cikin dukiyarsa. A Littafin Firistoci 25:23 Allah ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ƙasar tasa ce, su baƙi ne a wurinsa. Bisa ga wannan, mulkin da aka ba ɗan adam a Farawa 1:28 mulkin wakili ne. Farawa 2:15 ta fayyace shi da ayyuka biyu, wato noma da tsaro. Mutanen wannan zamani sun riƙe na farko da hannu biyu, sun saki na biyu.

Akwai wani mutum da aka ambata sau ɗaya tak a Nehemiya 2:8, sunansa Asaf, aikinsa kuwa tsaron dajin sarkin Farisa. Sa'ad da Nehemiya ya tashi gyaran ƙofofin Urushalima, sai da ya nemi takarda zuwa wurin wannan mutum domin a ba shi katako. Ba a faɗi kome game da Asaf ba bayan wannan. Amma da ba a tsare dajin nan shekara da shekaru ba, da ba a sami katakon da aka kafa ƙofofin birnin Allah da shi ba. Kowane mai bi da yake zaune a bakin daji yana kan matsayin Asaf: dajin na Sarki ne, shi mai tsaro ne, ranar ba da lissafi kuma tana zuwa.

Mutum da dabba a gona ɗaya

Ƙorafi na fari ya ɗauka cewa dole a zaɓi ɗaya, ko mutum ko daji. Shari'ar Musa ba ta raba su haka ba. A Fitowa 23:10-11 an umarci manomi ya bar gonarsa ta huta a shekara ta bakwai, abin da ya tsiro da kansa matalauta su ci, abin da suka rage kuma namomin jeji su ci. Umarni ɗaya ne ya ciyar da su biyun. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an hana wanda ya sami sheƙar tsuntsu ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, an kuwa ɗaura wannan ƙaramar doka da alkawarin tsawon rai. A 20:19 na littafin nan an hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da a lokacin yaƙi ne.

Wanda ya san zaman ƙauye a ƙasar Shiroro ba ya bukatar dogon bayani a kan hikimar wannan. Jihar Neja tana kan gaba a Nijeriya wajen kaɗanya. Matar da ba ta da gona tana da kaɗanyar daji, daga man kaɗe take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Daddawar miya daga ɗorawa take fitowa. Zuma, da saƙe-saƙin magani, da ciyawar jinka, da itacen girki, duk daga daji suke. Doyar da ta sa sunan Gwada ya kai kudu tana son ƙasa mai ƙarfi, ƙarfin ƙasa kuwa daga ganyen da ya ruɓe da saiwar da ta riƙe ta yake zuwa. In tudu ya tsiraita, ruwan sama yakan kwashe ƙasar ya zuba a rafi, rafi ya kai kogi, yashi ya taru a bayan madatsa. Madatsar Shiroro, wadda aka buɗe a 1990 da ƙarfin megawat 600, ita ma tana cin albarkacin itatuwan da suke tsaye a gaɓar Kogin Kaduna.

Mai arziki in daji ya ƙare yakan sayi gas, ya sayi magani a kanti, ya ƙaura birni. Gwauruwa ba ta da inda za ta. Don haka wanda ya tare gobara daga kurmin kaɗanya ya yi wa gwauruwa hidima, ko da bai taɓa sanin sunanta ba. Mutum ya fi dabba daraja, shi ya sa ma ya wajaba a tsare rumbun da Allah ya ajiye masa a jeji.

Sai bango ya tsage

Akwai wani darasi da ƙasar nan ta koya da hawaye. Sambisa ta Borno gandun namun daji ce kafin sunanta ya zama abin tsoro. Kamuku ta Birnin Gwari, wadda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaukaka ta zama babban gandun ƙasa a 1999, ta zama maɓoyar 'yan bindiga. Gandun Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ya zama na farko a Nijeriya, shi ma masu makamai sun kutsa cikinsa. Allawa ta bi sahu.

Ba daidai ba ne a ce sakaci da daji shi kaɗai ya haifi ta'addanci. Tushenta yana da yawa: talauci, da rashin adalci, da rikicin ƙasa da kiwo, da yaɗuwar makamai, da muguntar zuciyar ɗan adam. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Dajin da ma'aikatansa suka daina sintiri, hanyoyinsa suka toshe, ƙauyukan da suke kewaye da shi kuma suka ɗauke shi abin gwamnati wanda bai shafe su ba, ya riga ya zama kango. Masu satar katako sukan fara shiga, sa'an nan ɓarayin shanu, daga baya masu satar mutane. Ubangiji Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka bar shi ba kowa a ciki, wanda ƙarshensa ya fi farkonsa muni (Matiyu 12:43-45). A kan zuciyar mutum ya yi maganar, amma wanda ya ga abin da ya sami Allawa zai gane misalin da sauri.

Saboda haka batun daji da batun 'yan gudun hijira ba su rabu ba. Iyalan da suka kwana a makarantar Gwada, abin da ya fito daga dajin da ya rasa masu tsaro ne ya kore su.

Don me ba lada? Darasin Maradi

Sauran tambaya ita ce, don me za a yi aikin kyauta? Abin da ya faru a ƙasar Hausa ta Jamhuriyar Nijar ya ba da amsa mai ƙarfi.

A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, yana aikin dashen itatuwa a yankin Maradi. Yawancin abin da aka dasa mutuwa yake yi, saboda rana da iska da awaki. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara suna ƙonewa ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu kuwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kowane kututture, a rage sauran, a bar shi ya girma. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki: wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya sami hatsi. Itatuwa wajen 500,000 suka tsira ta haka. Amma da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku nasu. Waɗanda suka yi don hatsi sun daina ranar da hatsi ya yanke. Waɗanda suka rage su ne suka ga amfanin abin da idonsu: iska ta rage binne shuka, itacen girki ya samu kusa da gida, dabbobi suka sami ganye da rani. Daga bakinsu dabarar ta bazu, manomi yana koya wa manomi ba tare da an biya kowa ba. Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne da manoma suka sami tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, ma'aikacin daji ba zai ci su tara a kansa ba. Bayan shekara 20 da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan adam suka nuna kadada wajen miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood.

Wannan shi ne bambancin da Yahaya 10:12-13 ta nuna tsakanin makiyayi da ɗan ƙodago. Ɗan ƙodago ba lalle mugu ba ne, amma zuciyarsa tana wurin lada, in lada ya yanke ko haɗari ya zo sai ya tafi. Babu gwamnatin da take da kuɗin sa ma'aikaci a gindin kowane itace. Abin da yake tsare daji da gaske shi ne mutanen da suke zaune kusa da shi su ɗauke shi amana. Kuɗi yana sayen aikin yini, amma ba ya sayen amana.

Har wa yau, aikin sa kai a daji yana da wata daraja ta ruhaniya da ba kasafai ake samunta a wani aiki ba. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Dattijon da ya kare ƙaramar kaɗanya daga wuta ya san da wuya ya ci ribarta. Tsuntsu ba ya godiya, jikan da ba a haifa ba kuma ba zai san wanda ya yi masa alherin ba. A Luka 14:12-14 Ubangiji ya koyar cewa alherin da ya fi shi ne wanda aka yi wa marasa ikon ramawa. Cikin zamanin da ake rubuta sunan mai bayarwa a jikin kowace kujerar majami'a, aikin da ba mai tafa wa makaranta ce ta tawali'u.

Game da masu cewa duniya mai shuɗewa ce, jikin mutum ma mai mutuwa ne, duk da haka ikkilisiya ta gina asibitoci, ba ta kuwa taɓa ganin wannan ya saɓa wa bishara ba. Romawa 8:19-22 ta nuna halitta tana nishi tana sauraron 'yanci tare da 'ya'yan Allah. Abin da Allah ya yi alkawarin 'yantarwa, bai kamata 'ya'yansa su wulakanta shi ba.

Sharuɗɗa huɗu

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aikin nan yana iya zama kuskure in an yi shi ba bisa hikima ba.

1. Kada a jefa rai cikin haɗari. Ba fasto ko shugaban matasa da yake da iznin tura 'ya'yan mutane cikin dajin da masu bindiga suke. Ƙwato irin wannan wuri aikin hukuma ne. Jarabtar Allah ba bangaskiya ba ce (Matiyu 4:7).

2. Kada sa kai ya zama mafakar hukuma. Ƙorafi na biyu yana da gaskiya a nan. Luka 10:7 da Yakubu 5:4 sun tsaya a kan hakkin ma'aikaci. Ma'aikacin gandun daji da yake fuskantar masu makamai ya cancanci albashinsa a kan kari da kayan aiki. Ikkilisiyar da ta ba da guminta ta fi kowa bakin tambayar masu mulki ina aka kwana a kan amincewar da aka yi wa Allawa a 2020.

3. Kada a tsare daji a kan wuyan talaka. Wannan ita ce amsar ƙorafi na huɗu. Ɗan sa kai da ya ƙwace gatarin 'yar gudun hijira, ya kau da kai daga tirelar gawayi, ya maimaita tsohon zalunci ne da sabon suna. Wanda ya rasa gonarsa, gawayi ne sau da yawa abin da ya rage masa. Kafin a ce masa ya bari, sai a nuna masa abin da zai ci. Darasin Maradi a fili yake: mutane sukan tsare abin da suke da rabo a cikinsa.

4. Kada a manta da Mahalicci. Kakanni a wurare da yawa sun bar kurmi da duwatsu saboda tsoron iskoki. Bishara ta kawar da wannan tsoro, abin godiya ne. Abin baƙin ciki shi ne, a wasu wurare da tsoron ya tafi sai gatari ya shiga, har aka ɗauka sare kurmi alamar tuba ce. Mai bi ba ya yi wa itace sujada (Romawa 1:25), amma ya kamata ƙaunar Allah ta tsare abin da tsoron dodo ya tsare a da, har ma fiye.

Daga ina za a fara?

A Nehemiya sura 3 an gina garun Urushalima ne ta hanyar da kowa zai iya bi: iyali da yawa sun gyara sashen da yake daura da gidansu. An rubuta sunayen maƙeran zinariya da masu yin turare da 'ya'ya mata na Shallum. An kuma rubuta, a aya ta 5, cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu.

Ikkilisiya a Gwada ko Kuta ko Minna ba sai ta jira ranar da hanyar Allawa za ta buɗe ba. Filin majami'a, da makabarta, da gonar fasto, da harabar makaranta, da bakin rafin da yake bayan gari, duk wurare ne na farawa. Zumuntar Mata, waɗanda suka fi kowa sanin nisan da ake yi yanzu kafin a sami itace, suna iya renon ɗorawa da maɗaci da mangwaro a inuwar majami'a. A ƙasar Kenya, da mata 'yan ƙauye Wangari Maathai ta fara dashe a 1977, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2004. Ƙungiyar matasa tana iya keɓe Asabar biyu a watan Nuwamba domin share hanyar wuta. Manoma suna iya gwada sassaben zamani a kadada guda. Malaman makarantar Lahadi suna iya tambayar tsofaffi sunayen itatuwa da tsuntsaye da Gbagyi da Hausa, su rubuta kafin masu sanin su ƙare. Yaran da suka taso yanzu da yawa ba su taɓa ganin ungulu a mahauta ba, tsuntsuwar da iyayensu suka ɗauka ba za ta taɓa ƙarewa ba.

Wannan kuma aiki ne da za a gayyaci maƙwabta Musulmi, da mafarauta, da makiyaya masu zaman lafiya, da masu sarautar gargajiya. Gobara ba ta tambayar addinin mai gona, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. 'Yan gudun hijira ma kada a mai da su 'yan kallo. Su ne suka fi kowa sanin dajin Allawa, hanyoyinsa da rafukansa da makwancin namunsa. Ranar da za a koma, su ne masu tsaronsa na farko.

Kammalawa

Sa'ad da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, annabi Irmiya kuma yana tsare a gidan waƙafi, Allah ya umarce shi ya sayi gona a Anatot (Irmiya 32:6-15). Ya auna azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, ya sa aka ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. A idon mutane wauta ce, gama gonar tana hannun abokan gaba. A wurin Allah shaida ce cewa za a sake yin noma a ƙasar.

Mai bi da ya dasa ɗorawa a Gwada a irin waɗannan kwanaki yana ba da shaida irin ta Irmiya. Yana cewa ƙasar Shiroro ta Ubangiji ce, masu bindiga ba su ne za su yi magana ta ƙarshe a kanta ba, waɗanda aka kora kuma za su koma su tarar da inuwa. Ciyar da mayunwaci na yau wajibi ne wanda ba ya jira. Tsaron daji kuwa ciyar da mayunwacin gobe ne, ikkilisiya mai aminci ba za ta saki ɗaya domin ɗaya ba.

Ubangiji ya ta'azantar da waɗanda suka rasa gidajensu, ya maido da salama a Allawa da dukan ƙasar Shiroro, ya kuma tashe wa dajinsa masu tsaro amintattu. Amin.